Yadda magini zai haɗa tambarinsa ya buga a jikin kankare tun yana ɗanye

Duk mai yawo a ƙafa a Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san wannan abin, za ka ga dakali ko murfin kanibo, wato magudanar ruwa, da aka zuba bara amma bana har ya fara zubar da tsakuwa, kusa da shi kuma ga wani tsohon siminti yana nan daram ko tsagewa bai yi ba duk da ruwan damina da babura da shanun da ke bi ta kai. Ka tsaya ka tambayi mutanen unguwa wa ya yi wannan, wa ya yi wancan, babu mai iya gaya maka. Mai aikin kirki da mai ha'inci duk sunansu ya ɓace tare, kuma wallahi wannan abin yana min ciwo, domin wanda ya ci amanar siminti shi ne ke cin ribar wannan shirun, shi kuwa wanda ya tsaya ya yi tsakani da Allah ba abin da ya samu.

A Amurka da Kanada tun wajen ƙarshen shekarun 1800 zuwa farkon 1900 'yan kwangilar da ke zuba hanyar masu tafiya a ƙafa ta gefen titi, wadda mu nan muke ce wa torotuwar, suna da wani ƙarfe mai ɗauke da sunansu, in sun gama zuba kankare kafin ya bushe sai su danna shi a kai, sau da yawa har da shekara. Garuruwa da dama ma doka suka mayar da shi, don in aiki ya lalace hukuma ta san wanda za ta nema. Har yau in mutum ya bi tsofaffin unguwannin Oakland ko San Diego ko Chicago zai riƙa taka sunayen kamfanonin da masu su suka daɗe da mutuwa amma aikin na nan. Akwai kuma tambarin WPA, shirin da gwamnatin shugaba Roosevelt ta kafa a 1935 don ba marasa aiki abin yi lokacin da tattalin arziki ya karye, ya ci gaba har 1943, za ka ga haruffa ukun nan da shekara a jikin siminti a garuruwa birjik. A Toronto har yanzu ana buga sunan kamfani da shekara a sabon aiki. Kuma abin ya girmi siminti nesa ba kusa ba, Rumawa suna buga tambari a jikin bulon da suke gasawa, da irin waɗannan tambura ne masana suka gano cewa ginin Pantheon da ke Rum a yau na farkon ƙarni na 2 ne, duk da cewa rubutun da ke goshinsa yana ɗauke da sunan wani da ya riga wannan zamanin.

To mu mene ne ya hana mu? Siminti muna da shi, ga masana'antar Figil nan tsakanin Garwa da Marwa, masu walda da kafintoci da masu zubin tukunya kuma ba unguwar da babu su. Abin da ake yi dai shi ne yaron magini ya ɗauki ƙusa ko tsinke ya zana shekara a karkace, ruwa biyu ya shafe. Ga yadda za a yi shi da kyau.

Fara da abin da za ka rubuta, kuma a nan ne nake so a fi natsuwa. Suna, gari, shekara, sun isa. Kar ka cika rubutu domin duk yadda haruffa suka yi yawa dole su ƙanƙance, ƙaramin harafi kuwa ba ya fitowa a kankare. Lambar waya ban ba da shawara ba, layi yana ɓata, ana rufe shi, kuma mun gani da idonmu a 2014 lokacin da lambobin Kamaru suka tashi daga 8 suka koma 9, duk allon da aka rubuta kafin nan sai da aka gyara, siminti kuma ba ya gyaruwa. Babban abin lura shi ne wannan rubutu a ƙasa zai zauna, mutane za su taka, akuya za ta yi fitsari a kai, ruwan kwata zai bi ta wajen. Saboda haka in sunanka Abdullahi ko Abdurrahman ko Muhammadu ko wani suna da ke ɗauke da sunan Allah ko na Manzo, don Allah kar ka sa shi a inda ake takawa. Sa laƙabinka da aka san ka da shi a shantiye, wato wajen aikin gini, ko sunan kamfaninka, ko harafin farko na sunanka da na mahaifinka. Bisimilla da aya da masha Allah kuwa ba ma maganarsu, wajensu bango ne sama. Haka rubutun ajami, mutanenmu da yawa ba sa son ganin haruffan Larabci a ƙasa ko da ba aya ba ce, kuma ina ganin suna da gaskiya a girmama musu wannan, ka yi na ƙasa da boko. In kana son cikakken sunanka ko shekarar hijira da ajami sai ka buga a gefen dakali na tsaye ko a kan bakin rijiya daga waje, inda ƙafa ba ta kaiwa.

Girman harafi ya kai santimita 3 zuwa 5 a tsaye, kaurin layinsa kamar milimita 5 ko 6, tudunsa daga jikin faranti shi ma wajen milimita 5. In ya fi haka zurfi zai riƙa tara ruwa da ƙasa kuma gefensa ya riƙa ɓantarewa, in bai kai ba takalma za su cinye shi a 'yan shekaru. Manyan baƙaƙe zalla, masu sauƙi, ban da masu lanƙwasa da ado irin na katin biki. Haruffan da ke da rufaffen ciki irin A da B da R da lambobi 0, 6, 8, 9 ka buɗa cikinsu sosai, in cikin ya matse to lokacin ɗaga tambari zai tsinko simintin da ke tsakiya ya tafi da shi, sai ka ga 8 ta zama rami kawai. Kuma kowane harafi ya zama gindinsa ya fi bakinsa faɗi kaɗan, wato ya ɗan tsuke zuwa inda zai shiga siminti, wannan shi ke sa ya fito salin alin.

Sai maganar juyawa. Tambari a juye ake yin sa, daga dama zuwa hagu kuma kowane harafi ya juya baya, in ba haka ba abin da zai fito a ƙasa a birkice zai fito. Hanya mafi sauƙi ka rubuta abin yadda kake so a gan shi a kan farar takarda da maka mai kauri, ka shafa ɗan mai a takardar ta zama ana gani ta baya, ka kifa ta a kan katako ko ƙarfen, ka bi layin da kake hangowa. In an gama ka kai gaban madubi, in ya karantu daidai a madubi to ya yi. A, H, M, O da T ba sa nuna kuskure domin ko an juya su haka suke, N da S da R da 2 da 5 su ne ke tona asiri, su za ka fi dubawa. Kuma a karanta rubutun sau biyu kafin a yanka, a San Francisco inda ake buga sunayen tituna a jikin torotuwar akwai wurare da yawa da aka yi kuren harafi, suna nan shekara da shekaru kowa na gani.

Da me za a yi shi? Na Turawan da tagulla ko zubin ƙarfe ne. A nan wanda ya fi arha shi ne katako, ka samu kafinta ko masassaƙi mai hannu ya fitar maka da haruffan a kan itace mai tauri irin maɗaci, ko ya yanka su daban a manna a kafe da ƙananan ƙusoshi, a shafe shi da banis sau biyu don kar ya sha ruwa ya kumbura. Zai yi maka aiki amma ba zai daɗe sosai ba. Na biyu wajen mai walda, faranti mai kaurin milimita 4 ko 5, a lanƙwasa rodi ɗan milimita 6 marar zane a yi haruffan da shi a ɗinke ta gefe, sannan a bi da giranda a share duk wani tudun walda domin duk ƙurjin da aka bari zai fito a siminti. Wannan shi na fi so wa mai aiki kullum, yana jure duka. Na uku masu zubin tukunyar alminiyam, ka kai musu na katakon su danna a yashinsu su zuba maka irinsa sak, yana fitowa da kyau kuma ba nauyi, sai dai ɗanyen siminti yana cin alminiyam, don haka da ka gama bugawa ka wanke shi nan take kar ka bari ya kwana da shi. Ko wanne ka zaɓa a sa masa mariƙi a baya mai ƙarfi, a tsakiya, kuma a yi alama a bayan wadda ke nuna ina ne sama.

Shekara kar ka haɗa ta da sunan a faranti ɗaya, in ba haka ba duk Janairu sai ka koma wajen mai walda. A yi 20 a haɗe, sauran lambobin daga 0 zuwa 9 a yi su ɗaiɗai a kan ƙananan ƙarafa masu tsayi ɗaya, in za ka buga sai ka jera su a jikin ɗan katako madaidaici don kar wata ta hau wata ta sauka. Kafin ka kai shi kan aikin mutane gwada shi a kan laka ko ragowar kwaɓi a gefe, sau da yawa, har hannunka ya san nauyin da yake buƙata.

Yanzu shi kansa kankaren. Tambari ba ya gyara mugun kwaɓi, hasali ma tallata shi zai yi. In hanyar ƙafa ce ko dakali, kauri santimita 10 a kan ƙasar da aka daddaɓe da kyau, kwaɓi kuma irin wanda ake ce wa 350, wato buhu 7 na kilo 50 a kowace mita kub, yashi mai tsabta wanda ba laka a ciki, yashin mayo, wato na rafi, yana da kyau amma a duba shi domin wani wajen da ƙasa yake zuwa. Ruwa shi ne inda aka fi cutar aiki, leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa ruwa don ya yi sauƙin ja, alhali yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin siminti, kuma a irin wannan kwaɓin ko ka buga tambari haruffan za su narke su haɗe. A raba zubin da layin tsagi duk bayan mita ɗaya da rabi zuwa biyu don in zai tsage ya tsage a nan.

Wurin bugawa ka zaɓe shi tun kafin a zuba. Farkon aikinka da ƙarshensa, yadda duk wanda ya zo zai san daga nan zuwa nan hannun wane ne, in aikin dogo ne ka ƙara a tsakiya. Ka ja baya daga baki da kuma layin tsagi kamar santimita 15 zuwa 20 domin baki shi ke fara karyewa. Ka kauce wa daidai ƙofar da babur da baro ke shiga da fita, da inda ruwa ke kwanciya, da inda mai tuyan ƙosai za ta kafa murhu. Lokacin da ake shafe saman, wannan ɗan wurin ka daddanna shi da cokalin gini ko katakon shafe har tsakuwa ta nutse laushin simintin ya taso, in ba haka ba harafi zai ci karo da dutse ya ƙi shiga ko ya ture shi gefe ya ɓata layi.

Lokacin bugawa shi ne duk sirrin, kuma ba agogo ke faɗa ba, simintin ne ke faɗa. Bayan an shafe za ka ga ruwa ya taso sama yana ƙyalli, kar ka taɓa, jira sai ƙyallin nan ya tafi saman ya dushe. Sai ka danna babban yatsa a gefe, in ya nutse ya fito da siminti a jiki da saura, in ya bar gurbi mai tsabta kamar rabin santimita kuma gefen gurbin ya tsaya bai rufta ba, kamar tuwon da ya fara hucewa, to lokaci ya yi. In sai ka yi da ƙarfi kafin ya nuna alama ka makara. A zafin Maris da Afrilu na Garwa ko Kusuri ko Njamena, da rana ke wuce digiri 40, wannan tazarar gajera ce ƙwarai, kana iya juyawa ka sha ruwa ka dawo ka tarar ta wuce, shi ya sa a irin wannan lokacin zubin sassafe bayan asuba ko na bayan la'asar ya fi, kuma tambarin ya kasance a kusa da kai a shafe da mai tun kafin a fara. Lokacin hunturu kuma wata matsalar ce daban, iskar tana busar da fatar sama alhali ciki da sauran laushi, kana dannawa sai gefen haruffa ya tsattsage. Maganinsa ka rufe wurin da leda ko ka kare shi daga iska har lokacin ya yi.

Man da za ka shafa kaɗan ne, da tsumma, man gyaɗa ko ɗan gazuwal, wato man dizal, ban da baƙin man bidanj, tsohon man inji da ake shafa wa katakon da ke tare zubi, domin yana barin tabo. Wasu kuma suna shimfiɗa leda marar kauri su danna ta samanta, yana hana mannewa kuma gefen haruffan ya fito a mulmule, sai dai a ja ledar ta miƙe kar ta yi ninki. Ka ɗora katako ka durƙusa a kai don kar gwiwarka ta lotsa aikin, ka saita tambarin da bakin dakali ya miƙe, ka ajiye shi sau ɗaya, ka danna da hannu biyu daidai wa daida, in da buƙata ka ɗora guntun katako a bayansa ka ɗan bubbuga da guduma a kusurwa huɗu, a hankali. Da farantin ya taɓa saman siminti ka tsaya. Wajen ɗagawa kuma sama tsaye, ba girgizawa ba murɗawa. Ɗan tudun da ya taso a gefen haruffa ka kwantar da shi da bakin cokali sama sama, ko ka bari sai ya ƙara tauri ka share da burushi mai laushi.

In bai fito ba kuma simintin da sauran laushi, shafe wurin ka sake sau ɗaya. Amma kar ka yayyafa ruwa don ya yi laushi, kar kuma ka barbaɗa busasshen siminti, duka biyun suna sa fatar wurin ta yi rauni ta ɓare daga baya ta tafi da sunan. In ya riga ya yi tauri ka haƙura da wannan gefen ka buga a zubi na gaba. Wanda aikinsa ke da yawa kuma ba ya son wannan tseren da rana yana iya zuba ƙananan alluna a gida a inuwa, ya buga musu tambari a natse, ranar aiki sai ya nutsa ɗaya a cikin ɗanyen kankaren ya daidaita da saman. A Amurka ma wasu kamfanonin ƙaramin farantin tagulla suke nutsawa maimakon bugawa.

Bayan nan sai ban ruwa, kwana 7 aƙalla wurin ya zauna da danshi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko yashi mai laima, siminti ba ya kai cikakken ƙarfin da ake lissafa masa sai wajen kwana 28. Ranar farko kar a kwara ruwa da bokiti a kan rubutun, a yayyafa ta kan buhun. A sa ƙaya ko bulo a kewaye saboda yara da awaki. Kuma a sa safar hannu, ɗanyen siminti yana ƙona fata.

Izini kuma wajibi ne. In gidan mutum ne ka gaya masa tun ana ciniki, ka ce Alhaji ina sa sunana da shekara a ƙarshen dakalin nan, in ya lalace ka san wanda za ka kira, ban taɓa ganin wannan maganar ta rage wa magini daraja ba. In aikin meri ne, wato ƙaramar hukuma, ko na gwamnati sai da yardar injiniyan da ke duba aikin, kuma in kai ɗan kwangila ne ka karɓo a hannun wani to ku yi magana sunan wa za a sa. Ni a ganina wanda zai amsa in aiki ya ɓaci shi ya cancanci sunansa ya hau.

Masu sha'awar tsofaffin alamomi kuma, mu ma muna da namu ko da ba su kai na can yawa ba, shekarun da aka zana a bakin rijiyoyi, kan kwalbatoci, matakalar tsofaffin shaguna da makarantu, murafan ƙarfe masu sunan kamfanin da ya zuba su, da goshin gidajen da aka rubuta shekarar gini. Ka fita da sassafe ko dab da magariba lokacin da hasken rana ke zuwa a kwance, shi ke fito da rubutun da ya shafe, da tsakar rana ba za ka ga komai ba. Ka share ƙasar da burushi, ka ɗan zuba ruwa, ka ajiye ƙwandalar dala ashirin a gefe don a gane girma, ka ɗauki hoto ɗaya daga sama tsaye ɗaya kuma daga nesa yadda za a gane wurin, ka rubuta unguwa da titi. Wanda ya ƙi fitowa a hoto ka shimfiɗa takarda ka goga gawayi a kai a hankali. Ka tuna shekarar da ka gani wani lokaci ta gyara ce ba ta asalin gini ba, don haka ka tambayi dattawan wurin. Ka gaida jauro ko lawan na unguwar ka gaya masa abin da kake yi, kuma ka nisanci ɗaukar hoto kusa da bariki, gadoji da ofisoshin tsaro, musamman a yankin Arewa Mai Nisa. Born, wato alamar iyakar fili, kuwa hoto kawai, ba a taɓa shi.

In kuma kai aka ba aikin fasa tsohon siminti ka tarar da suna ko shekara a jiki, kar ka sa masa guduma. A San Diego in za a sabunta torotuwar ana yanke tsohon tambarin a mayar da shi cikin sabon zubi, kuma ba abu ne mai wuya ba. Ka zana murabba'i ka bar kamar santimita 10 ta kowane gefen rubutun, ka yanka da giranda mai faifan dutse kana zuba ruwa saboda ƙura, ka fasa na kewayen tukuna sannan ka sa ƙarfe ta ƙasa ka ɗaga shi a hankali. Ranar zubi ka jiƙa shi, ka zaunar da shi a inda yake tun asali yadda samansa zai yi daidai da sabon, naka tambarin da shekarar bana kuma ka buga a gefensa da tazarar taki ɗaya.